Motar da Ke Zuwa a Cikin Kwali

Mahaifina mai gyaran bodin mota ne a Kaduna, kuma yana da wata ɗabi'a da ta riƙa ɗaure mini kai ina yaro. Idan aka kawo masa mota ya duba kafin a saya, ko kallon fentin ba ya yi. Sai ya shimfiɗa tsohon kwali a ƙasa, ya kwanta rigingine, ya shige ƙarƙashinta da tocila a baki. Mai motar yana tsaye yana yabon kujeru da rediyo, Baba kuwa yana can yana ƙwanƙwasa ƙarfe da bakin sufana. In ya fito ya kakkaɓe rigarsa, maganar ba ta wuce biyu: "Ta yi," ko kuma "A bar ta."

Ban taɓa zaton wannan darasi zai biyo ni har Ingila ba. A 2016 ina karatu a Coventry, birnin da ya daɗe da yin suna wajen ƙera motoci, ina haya a wani layi mai gidajen jan bulo. Maƙwabcina dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin lantarki. Kullum da yamma ƙofar garejinsa a ɗage take, ana jiyo ƙarar injin huda ƙarfe. Ran nan na leƙa mu gaisa, sai na tarar da wani ƙwarangwal na bututun ƙarfe a ɗore kan katako, ba taya, ba inji, ba kujera. A gefe kwalaye ne jibge har kusan rufi. Na tambaye shi abin da yake ƙerawa. Ya ce mota ce, kuma kafin bazara ta zagayo zai hau ta ya je bakin teku. Sai da bazara uku ta wuce kafin tayar motar nan ta taka kwalta. A biyu daga cikinsu ni ne mai riƙe masa fitila da miƙo sufana, kuma a garejin nan na koyi yawancin abin da zan faɗa.

Sana'ar ita ce kamfani ya sayar maka da mota a warwatse, shasi daban, bodi daban, notuna da wayoyi a ƙulle cikin leda, kai kuma ka haɗa a gida. Mu 'yan Kaduna abin ba baƙo ba ne gaba ɗaya, domin haka Fijo 504 ta riƙa zuwa kamfanin PAN da ke Kakuri daga Faransa, a cikin akwatuna, tun 1975. Sai dai can ɗaruruwan ma'aikata ne da manyan injuna, nan kuwa mutum ɗaya ne da garejinsa da ranakun hutunsa. Yawancin waɗannan motoci kwaikwayo ne na shahararrun motocin tsere na da, waɗanda na ainihinsu sun fi ƙarfin aljihun kowa in ban da attajiran duniya. Wasu kuma kwaikwayon ne amma a haɗe kamfani yake sayar da su. Tambayar da kowa yake yi ɗaya ce: nawa ake kashewa, kuma me mutum yake samu da kuɗinsa?

Haraji ne ya raini wannan sana'a a Ingila. A 1957 wani injiniya mai suna Colin Chapman ya fito da Lotus Seven, 'yar mota mai kujera biyu, ba ƙofa, ba rufin kirki, sai sauƙin nauyi da saurin juyawa. Haɗaɗɗiya fam 1,036 take, amma a warwatse fam 536, saboda dokar lokacin ba ta ɗora harajin saye a kan kayan da mutum zai haɗa da kansa ba. Ana ba da labarin cewa dokar ta hana a ba mai saye takardar koyar da haɗawa, sai kamfanin ya riƙa ba da takardar yadda ake warware motar, mai saye ya karanta daga ƙarshe zuwa farko. Da aka shigo da harajin VAT a 1973 wannan ƙofa ta rufe, Lotus ya sayar da haƙƙin ƙera motar ga dillalinsa Caterham, wanda har yau yake yin ta. Siffarta kuwa ta zama ta kowa. Kamfanoni da dama sun kwaikwaye ta, har Caterham ya kai Westfield kotu a shekarun 1980, ya tilasta masa sauya fasali. A 1996 wani malami mai suna Ron Champion ya fitar da littafi yana koyar da yadda za ka yanka bututu ka yi waldar irinta da kanka a kan fam 250 kacal. Dubban mutane sun sayi littafin. Cikin waɗanda na haɗu da su sun gwada, ban ga wanda ya gama a kusa da wannan kuɗi ba.

Motar da ta fi kowace nuna yadda farashi yake hawa tsani-tsani ita ce Cobra. Wani direban tsere ɗan Amurka, Carroll Shelby, shi ya ɗauki 'yar motar kamfanin AC na Ingila a 1962 ya cusa mata injin Ford mai silinda 8. Daga baya aka saka mata inji mai lita 7, a jikin da bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba. Duka-duka waɗanda aka ƙera zuwa 1967 ba su kai 1,000 ba. Ta farkon, mai lamba CSX2000, an yi gwanjonta a Kalifoniya a 2016 a kan dala miliyan 13.75. Ko wadda ba ta da wani tarihi na musamman, in mai babban injin ce, daga dala miliyan ɗaya ake fara magana. Shi ya sa kusan duk Cobra da mutum zai gani a titi kwaikwayo ce, kuma na kwaikwayon sun ninka na ainihin sau da yawa.

A matakin ƙasa na tsanin akwai irin su Factory Five Racing na jihar Massachusetts, wanda aka kafa a 1995. Dabararsu ta farko ita ce ka sayi shasi da bodin faiba daga gare su, ka nemo tsohuwar Ford Mustang ka yanka, ka kwashe inji da giyabos da birki da ƙafar baya ka ɗora. Daga baya suka fito da cikakken ƙunshi mai sababbin kaya, wanda a 'yan shekarun baya yake wajen dala dubu 20. Wannan adadi shi ke jan mutane, kuma shi ke yaudararsu, domin babu inji a ciki, babu giyabos, babu tayoyi, babu fenti. Fentin kaɗai abin tsoro ne. Bodin faiba yakan zo da tabon inda aka haɗa rabi da rabi, da ƙananan ramuka, da ƙofofin da sai an yi ta gogewa kafin su zauna daidai. Mai fenti na ƙwarai zai yi makonni yana ciko da guga kafin ya ɗauki bindigar feshi. Da wuya mai haɗawa ya gama irin wannan mota da kyau bai ninka kuɗin ƙunshin ba, wasu ma sau uku.

Mataki na gaba a nahiyarmu yake, abin da mutane da yawa ba su sani ba. Motocin Superformance, waɗanda suke da lasisin kamfanin Shelby, a birnin Gqeberha na Afirka ta Kudu ake ƙera su, wanda a da ake kira Port Elizabeth, a masana'antar Hi-Tech Automotive. Suna isa Amurka a haɗe, da fenti da kujeru da wayarin, inji da giyabos kawai za ka saka. Irin wannan takan haura dala dubu 50 tun inji bai shiga ba. Kamfanin Backdraft ma a Afirka ta Kudu yake ƙera nasa Cobra, haka Birkin da ya yi suna da kwaikwayon Lotus Seven. Na ji daɗi ƙwarai ranar da na gane cewa motar da attajirin Amurka yake alfahari da ita hannun ma'aikatan Afirka ne ya goge ta. Can sama kuma akwai Kirkham na jihar Utah, wanda ya yi suna da bodin alminiyon irin na ainihi, aikin da ya fara da ma'aikatan wata tsohuwar masana'antar jiragen yaƙi na MiG a ƙasar Foland. Wasu masu irin wannan mota ba sa yi mata fenti sam, sai su goge alminiyon ɗin ya riƙa ƙyalli kamar madubi, don kowa ya ga babu ciko a jikinta. In an gama ta da inji, ta wuce dala dubu 100 nesa.

Daga nesa duk waɗannan kamarsu ɗaya. Mai wucewa a titi ba zai bambanta ta dubu 40 da ta dubu 150 ba. To ina kuɗin yake tafiya? Amsar tana cikin littafin lissafin maƙwabcina.

Shi ba Cobra ya yi ba, irin ta Lotus Seven ce daga wani ƙaramin kamfani da ba zan ambaci sunansa ba. Ya zaɓe ta ne don ita ce mafi araha da ya gani a talla. Ya sayi tsohuwar Mazda MX-5 da tsatsa ta cinye ƙasanta amma injinta lafiya lau, ya yanka ta. A shafin farko na wani littafi mai baƙin bango ya rubuta kiyasinsa: fam dubu 8. Mutum ne mai tsari, ko noti guda ya saya sai ya rubuta. Ranar da muka juya shafin ƙarshe, jimlar ta kusa fam dubu 14. Da na bi layukan da yatsa, babu wani abu guda babba da ya cinye kuɗin. Lagireto ne da bai shiga gurbinsa ba aka sayi wani. Salansa ce da aka kai wa mai walda ya sake lanƙwasawa. Bututun birki, makullin batir, madubai, bel ɗin kujera, injin matse ribit, jak mai ɗaga inji da aka yi haya sau uku. Fam 30 nan, fam 80 can. Lokacinsa kuwa ko kwabo bai rubuta masa ba.

Wani dare na hunturu ba na mantawa da shi. Muna so mu ɗaura hannun da ke riƙe tayar gaba ta hagu, sai noti ya ƙi shiga. Muka cire, muka mayar, muka shafa mai, ya ƙi. Dattijon ya ɗauko ma'auni ya gwada ɓangarorin biyu, sai ga shi kunnen ƙarfen da aka yi wa walda a hagu ya kauce da kusan milimita 4. Ya zauna a kan wani bokiti, hannunsa yana rawa saboda sanyi, ya daɗe bai ce komai ba. Abu mafi sauƙi shi ne a faɗaɗa ramin da injin huda, notin ya shige, ba wanda zai sani. Ya ce a'a, jikarsa za ta zauna a motar nan. Ya buga wa kamfanin waya ya fi sau goma, aka yi ta yi masa gobe-jibi, har ya haƙura ya kira mai walda ya yanke kunnen ya sake dasa shi. Wata biyu suka tafi a kan milimita 4.

Da na ba Baba labarin a waya, cewa ya yi, "Kai yaro, wannan Baturen ya san mota. Ka riƙe shi." Sannan ya ƙara da abin da na sha ji a bakinsa, cewa araha ba ta ado.

A nan ne bambancin kamfani mai tsada da mai araha yake. Mai tsada ya kashe kuɗi wajen yin ma'aunin walda da ke riƙe kowane bututu a gurbinsa, ya gwada motar a filin tsere, ya rubuta littafin haɗawa mai hotuna, ya ajiye mutumin da zai ɗauki waya in ka kira. Caterham misali ne. A 2021 sun fitar da Seven 170, mai ɗan injin Suzuki na cc 660 da ƙarfin doki 84, nauyinta kilo 440 kacal, a kan fam 22,990 in kai za ka haɗa. Duk kayanta sababbi ne, ramukan suna haɗuwa, kuma mutum mai haƙuri yana iya gamawa cikin 'yan makonni ko watanni kaɗan. In an kwatanta da fam dubu 8 na kiyasin maƙwabcina, sai a ce tsada ce. In an kwatanta da fam dubu 14 da shekara uku, sannan aka tuna cewa Caterham tana riƙe darajarta a kasuwar na-hannu fiye da kowace irinta, lissafin ya sauya. Motar maƙwabcina, duk da kyawun aikinsa, in ya kai ta kasuwa ba zai mayar da kuɗin kayan da ya saya ba, saboda mai saye ba ya iya ganin abin da ke cikin zuciyar wanda ya ɗaure notunan. Suna yake saya.

Gwamnatin Ingila ma ba ta yarda da zuciyar kowa ba, kuma ina ganin ta yi daidai. Kafin a ba irin wannan mota lamba sai ta ci wata jarrabawa da ake kira IVA, wadda ta maye gurbin ta da a 2009. Na raka dattijon ranar tasa. Mun ɗora motar a tirela tun asuba. Jami'in ya yi awanni yana zagaya ta. Ya hau da ita kan na'ura ya gwada ko birkin baya yana kamawa kafin na gaba, domin in haka ta faru mota juyawa take yi. Ya duba inda aka ɗaure bel ɗin kujera, ya gwada ƙarar salansa da na'ura, ya tabbatar agogon gudu ba ya nuna ƙasa da gaskiya. Abin da ya fi burge ni shi ne wata ƙwallo da ya ɗauko mai faɗin milimita 100, yana gangara ta a jikin motar. Duk inda ƙwallon ta taɓa, dole gefen wurin ya zama a daƙushe, ba kaifi, don kada ya yanki mai tafiya a ƙasa in an buge shi. Motarmu ta faɗi a zagayen farko saboda kawunan notuna biyu a gaba da wata wayar lantarki da ke gogar ƙarfe. Muka koma gida muka gyara, muka sake biyan kuɗin dubawa, ta ci. A Amurka kowace jiha da nata tsarin, sai a 2015 aka yi dokar tarayya da ta yarda ƙananan kamfanoni su sayar da haɗaɗɗun motocin kwaikwayo har 325 a shekara, matuƙar motar da aka kwaikwaya ta kai shekara 25, kuma ƙa'idojin aiwatar da dokar ba su kammala ba sai 2022.

Ya kamata mai karatu ya san cewa cin wannan jarrabawa bai mayar da motar daidai da Corolla ta zamani wajen kare rai ba. Yawancinsu ba su da jakar iska, ba su da birkin da ke hana taya kullewa, ba su da kwamfutar da ke rage wuta in baya ya fara zamewa. Cobra gajeriya ce, tsakanin tayar gaba da ta baya inci 90 ne, ga inji mai ƙarfin doki 400 ko fiye. Wanda ya taka totur da garaje a kan jiƙaƙƙen titi zai ga inda ya fito. Kuskuren da masu sabon shiga suka fi yi shi ne su zuba kuɗi a babban inji, su tsuke hannu a birki da shokozoba da taya. Wanda ya yi haka ya sayi kyan ɗan maciji.

Akwai kuma wani rukuni da ban taɓa iya so ba. A wancan lokacin, kowace shekara a farkon watan Mayu akan yi babban bikin baje kolin irin waɗannan motoci a Stoneleigh, 'yar tafiya kaɗan daga Coventry, kuma mun je tare da dattijon. Cikin ɗaruruwan motoci a kan ciyawa na hango wata ja wur mai tambarin doki, yara sun kewaye ta suna ɗaukar hoto. Ferrari F355 ce a ido. Na yi irin ta Baba, na durƙusa na leƙa ƙasa. Toyota MR2 ce aka lulluɓe da faiba. Tayoyin an turo su waje da wasu faifan ƙarfe don su cika faɗin sabon bodin, faifan birkin kuwa ƙanana ne, sun ɓace a bayan manyan rim. Da mai ita ya tayar, sai ga muryar inji mai silinda 4, alhali ta ainihin silinda 8 gare ta da ƙarfin doki wajen 375. MR2 mota ce mai kyau a karan kanta. An ƙara mata nauyi, an ɓata mata daidaito, an kashe kuɗin da ya fi darajarta, don kawai wanda bai sani ba ya ɗauka wata ce. Kama da wane ba ta wane.

A Amurka motar Pontiac Fiero, wadda aka yi daga 1984 zuwa 1988, ita ta sha irin wannan ado, saboda injinta a tsakiya yake kuma fatar jikinta roba ce mai sauƙin cirewa. Har a talabijin abin ya kai: baƙar Ferrari Daytona da aka yi ta gani a farkon shirin Miami Vice, Chevrolet Corvette ce a ƙarƙashi. Ferrari ya kai maƙerinta kotu, sannan ya ba masu shirin Testarossa ta gaskiya. Kamfanin nan ba ya wasa da sunansa, kuma ba shi kaɗai ba. A 2012 Mercedes ya sa an murƙushe bodin wata kwaikwayon 300 SL. A 2019 'yan sandan Burazil sun rufe wani gareji a jihar Santa Catarina da ke ƙera jabun Ferrari da Lamborghini. Shelby ma ya yi shari'a da masu kwaikwayon Cobra, abin da ya sa Factory Five ba ya kiran motarsa da wannan suna, Roadster yake ce mata. Saboda haka wanda ya sayi kwaikwayo mai ɗauke da tambarin da ba a ba da izininsa ba, ya sayi rigima tare da motar.

Wani zai ce ai Cobra ta faiba ma kwaikwayo ce, me ya raba ta da jar motar Stoneleigh? Abin da ya raba su shi ne ita Cobra ta ainihi mota ce mai sauƙin gini: bututu biyu manya, injin Ford, bodi mara nauyi. Wanda ya kwaikwaye ta da gaskiya yana samun irin ƙarar, irin gudun, irin zafin da ke dukan ƙafa daga inji, wani lokaci ma da birki da shasin da suka fi na 1965. Haka Seven. Haka Porsche 356 da ake ɗorawa a kan shasin Bosuwaja ƙirar kunkuru, domin ita ma ta ainihin 'yar'uwar Bosuwajan ce, inji a baya, iska ke sanyaya shi. A waɗannan, abin da ido ya gani shi jiki yake ji in an zauna a ciki. Ferrari ta zamani kuwa darajarta tana cikin injinta da injiniyancin da ba a iya yi a gareji, fatar kawai ake iya ɗauka. Akwai ma kamfanonin da ba su kwaikwayi kowa ba, irin su Ultima na garin Hinckley, wanda shasinsa ya yi ingancin da McLaren ya sayi biyu ya gwada kayan shahararriyar motarsa F1 a kansu. Wannan ya nuna cewa mota ta zo a kwali ba shi ke nufin ƙaramar mota ce ba.

In da aboki zai tambaye ni, ga abin da zan ce masa. Duk adadin da ya gani a talla ya ninka shi biyu, duk lokacin da aka ce masa ya ninka uku, in har yanzu yana so to ya shiga. Ya fara zaɓen kamfanin da ya daɗe, mai ƙungiyar masu motoci da zai iya tambaya, domin ƙananan kamfanonin nan suna rufewa, ko Westfield da girmansa ya durƙushe a 2022. In burinsa hawa ne kawai, mafi arahar hanya ita ce ya sayi wadda wani ya riga ya gama ta ci jarrabawa, wancan ya ɗauki asarar. Ya guji wadda aka fara aka bari rabi, ko da an ba shi a rabin kuɗi, don bai san abin da ya kori mai ita ba. In kuwa haɗawar ce take ba shi daɗi, to kada ya yi lissafin riba. Maƙwabcina bai yi ba. Ranar da ya ɗauke ni muka fita bayan gari, iska tana dukan fuska, gwiwar hannuna kusa da kwalta, kowace kwana motar tana bin sitiyari kamar ta san abin da yake nufi, na ga hawaye a idonsa, kuma ba na iska ba ne.

Shigo da irin wannan mota gida wani zance ne. Ƙasanta ya yi kusa da ƙasa ƙwarai, tudun rage gudu guda ɗaya ya isa ya fasa tukunyar mai. Ba rufi, ga ranarmu da ƙurar hunturu. Yawancin na Ingila sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama da sitiyari a hagu. Ban ga dalilin da zai sa mutum ya kashe kuɗin kwastan a kan wannan ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne samarinmu da nake gani a Facebook suna ƙera motoci da hannunsu a Kano da Kaduna da Maiduguri da sauran garuruwa, da irin su Jerry Mallo na jihar Filato da ya nuna motar tserensa Bennie Purrie a 2019. Basirar tana nan, na gan ta da idona a kasuwar Panteka ta Kaduna tun ina ƙarami. Sai dai yawancin hotunan da ake yaɗawa na bodi ne, ƙofa mai ɗagawa sama, fenti mai walƙiya, tambarin wani kamfanin Italiya a goshi. Da wuya ka ga an ɗauki hoton walda ko na birki.

Ƙannena masu wannan aiki, ku fara daga ƙasa. Tsarin Seven a buɗe yake, bututun ƙarfe ne mai kusurwa huɗu da ake samu a kasuwarmu, injin tsohuwar mota mai jan baya ya ishe ta. Ku yi ma'aunin walda tukuna, ku auna hagu da dama har su zo ɗaya, ku gwada birki a fili kafin ku ɗauki kowa, ku sa mata sunanku maimakon na Ferrari. In kun gama, ku nemo wani tsohon bakanike a unguwarku, ku shimfiɗa masa kwali, ku ba shi tocila ya shiga ƙarƙashinta.